Ba a fafe gora ranar tafiya: jagorar shirya wa lokacin bukukuwa cikin natsuwa

A shekarar 1967 wasu likitocin ƙwaƙwalwa biyu a Amurka, Thomas Holmes da Richard Rahe, suka jera abubuwa 43 da kan jijjiga rayuwar mutum, suka ba kowanne maki gwargwadon yadda yake tilasta masa sauya abin da ya saba. Rasuwar miji ko mata ce a kan gaba da maki 100. Aure, duk da daɗinsa, ya samu 50. Can wajen ƙarshe kuma sai ga tafiya hutu da maki 13, ga bikin Kirsimeti da maki 12. Makin ƙanana ne, amma shigarsu jeri ɗaya da rasuwa da saki da rasa aiki ta tabbatar da abin da duk mai ɗawainiyar gida ya riga ya sani, cewa hidimar farin ciki ma tana cin jiki.

Ko wane biki ne, Sallah ko Kirsimeti ko hutun ƙarshen shekara, fasalin wahalar ɗaya ne. Kuɗi na fita ta kowace kafa, baƙi sun yawaita, hanya ta cushe, barci ya ragu, kowa kuma yana sa ran ganinka da fara'a. Jiki yana amsa wannan kamar yadda yake amsa kowace barazana: wasu ƙananan gaɓoɓi biyu da ke zaune a saman ƙoda suna sakin sinadaran adiranalin da kotisol, zuciya ta ƙara gudu, sukari ya ƙaru a jini, tsokoki su ɗaure. Na 'yan mintoci, wannan taimako ne. In ya ɗauki mako uku a jere, shi ne ciwon kai, da saurin fushi, da kwanciya ido biyu har tsakar dare kana lissafi.

Abin da na lura da shi, a kaina da kan wasu, shi ne gajiyar shara da girki da ɗaukar kaya barci ɗaya ke ware ta. Wadda ke cin rai ita ce ta tarin shawarwarin da ba a yanke ba: wa za a ba me, ina za a je, nawa za a kashe, wa zai yi wane aiki. Ana ta ɗaga su har su haɗu a kwana ukun ƙarshe, lokacin da aljihu ya yi sanyi, kasuwa ta cika, haƙuri ya ƙare. Matakan da ke tafe duk dabara ɗaya ce: a yanke waɗannan shawarwari tun ana da sarari, a kuma rage yawansu. In da hali a fara mako shida kafin ranar.

Mataki na farko: zazzage kanka a takarda

Nemi littafin rubutu guda ɗaya, ko shafi guda a wayarka, ka zauna rabin awa inda ba mai kiranka. Rubuta duk abin da ke yawo a kanka game da bikin, babba da ƙarami, ba tare da tsari ba. Kyaututtuka, tafiya, gyaran ƙofar da ta lalace, wanda kake jin nauyin rashin kiransa, har tsoron haɗuwa da wani dangin da ba kwa shiri. Kada ka tace komai tukuna.

Akwai dalilin da ya sa wannan ke sauƙaƙa zuciya. A 1927, a birnin Balin na Jamus, masaniyar halayyar ɗan'adam Bluma Zeigarnik ta wallafa binciken da ya nuna mutane sun fi tuna aikin da aka katse musu fiye da wanda suka gama. Aikin da bai kammalu ba yakan riƙa ƙwanƙwasa wa mutum kai. A 2011 wasu masana biyu, E. J. Masicampo da Roy Baumeister, suka gano ba sai an gama aikin ƙwanƙwasar ke lafawa ba. Da zarar mutum ya tsara takamaiman yadda zai yi shi, tunanin yakan sake shi. Ga kuma ƙarancin wurin ajiya: masanin ƙwaƙwalwa Nelson Cowan ya ƙiyasta cewa abin da hankali ke iya riƙewa a lokaci guda bai wuce kusan abu huɗu ba. Mai son riƙe abu hamsin a ka yana jidar ruwa da kwando ne.

Bayan ka zazzage, koma kan kowane layi ka mayar da shi aikin da hannu zai iya kamawa. "Kyautar yara" ba aiki ba ne, damuwa ce kawai da aka rubuta. "Kira ƙanwata in tambayi lambar takalmin ɗanta" aiki ne, kuma minti uku zai ci. Wuri ɗaya kawai za ka riƙa rubutawa. Mai jeri uku, ɗaya a waya, ɗaya a bayan rasit, ɗaya a ka, bai rage wa kansa komai ba.

Mataki na biyu: ɗauki biro ka yi yanka

Nan ne mafi yawan masu tsari ke kuskure. Suna ɗauka amfanin tsari shi ne a cusa aiki mai yawa cikin lokaci kaɗan, sai su fito da jadawali mai kyan gani wanda ba ɗan'adam ɗin da zai iya bi. Ni ma na taɓa yi. Wata shekara na cika shafi uku da ayyuka, na yi kusan duka, amma ranar bikin da hantsi barci ya sace ni a kujera baƙi na ta hira a kaina. Abin da na fi tunawa da bikin nan shi ne ciwon baya.

A wani jawabi da ya yi a 1954, shugaban Amurka Dwight Eisenhower ya ambato maganar wani tsohon shugaban kwaleji, wanda ya ce matsalolinsa iri biyu ne, na gaggawa da masu muhimmanci, kuma na gaggawar ba su da muhimmanci, masu muhimmancin kuwa ba sa zuwa da gaggawa. Lokacin biki haka yake sak. Rangwamen da aka ce gobe zai ƙare yana ihu, zama da mahaifinka awa guda kuwa shiru yake, har hutun ya ƙare ba a yi shi ba.

Saboda haka yi wa kowane layi alama ɗaya cikin uku: dole, in an samu hali, a bari. Tambayar da za ka auna da ita ita ce, in ban yi wannan ba, wa zai lura, me kuma zai faru? Za ka tarar abubuwa da yawa ana yinsu ne don bara an yi, ko don gudun bakin mutane, mutanen da su ma suna can suna fama da nasu ba su da lokacin duba labulenka.

Kafin ka rufe wannan mataki, tara mutanen gidan ka tambayi kowa, har yara, abu biyu da in babu su ba zai ji an yi biki ba. Amsoshin kan ba da mamaki. Yaron da kake shirin kashe masa kuɗi mai yawa yana iya cewa shi dai a bar shi ya kwana ɗaki ɗaya da 'yan'uwansa da za su zo. Waɗannan amsoshi su ne ginshiƙin jerin "dole". In jerin ya haura abu goma sha biyar, sake bi ta kansa. Wanda ka ce a bari kuma ka soke shi da layi mai kauri, don ido ya ga an yanke hukunci.

Mataki na uku: kuɗi, tun kafin a shiga kasuwa

Fara da adadi ɗaya: jimillar abin da za ka iya kashewa. Daga kuɗin da ke hannu za ka fitar da shi. Alawus ɗin da ake rade-radin za a biya da bashin da wani ya yi alkawarin dawo maka da shi ba sa cikin lissafi har sai sun shigo. Kafin ma ka fitar da adadin, ware kuɗin watan da ke biye: haya, kuɗin makaranta, wuta da ruwa, magani, abincin gida. Biki kwana kaɗan ne, watan bayansa kuwa cikakken wata ne, kuma rabin fargabar da mutane ke ji ana tsakiyar shagali ta wannan watan ce.

Sai ka raba adadin gida-gida: abinci, tafiya, kyauta, sutura, taimakon mabukata. Cire kashi ɗaya cikin goma ka ajiye gefe, kada ka sa masa suna, domin baƙon da ba a zata ba da tayar da ta fashe ba sa sallama. Ka tuna da ƙananan ɓarayin aljihu waɗanda ba a cika rubutawa ba: kuɗin mota zuwa kasuwa sau biyar, katin waya, makamashin girki da zai ƙare da wuri saboda yawan baki, ledar naɗe kyauta, ɗan abin da za a miƙa wa wanda ya taya aiki.

Masanin tattalin arziki Richard Thaler, wanda ya samu kyautar Nobel a 2017, ya yi suna wajen bayyana yadda mutane ke kasa kuɗinsu a zuci, kowane kashi da sunansa, har su ji nauyin taɓa na wani abu don wani. Yi amfani da wannan hali. Saka kuɗin kowane gida a ambulan ɗinsa, ko a asusu dabam, ka rubuta suna a kai. In ambulan ɗin kyauta ta ƙare, sayen kyauta ya ƙare. In ka ga lalle sai ka ƙara, to daga wata ambulan za ka ɗebo, ka ga da idonka abin da ka rage.

Batun kyauta ya cancanci a ɗan tsaya a kansa, don nan ne kuɗi da tunani suka fi zuba. A 1993 masanin tattalin arziki Joel Waldfogel ya tambayi ɗaliban jami'ar Yale darajar da suke ba kyaututtukan da suka samu, ya kwatanta da abin da aka kashe wajen sayensu. Ya ƙiyasta cewa tsakanin kashi 10 cikin ɗari zuwa kashi ɗaya cikin uku na darajar yana salwanta, saboda mai bayarwa yana hasashe ne kawai. An soki lissafinsa da cewa bai auna daɗin da ke cikin a tuna da mutum ba, kuma sukar tana da gaskiyarta. Duk da haka darasin yana nan: tambayar mutum abin da yake buƙata ba abin kunya ba ne. Rubuta sunayen waɗanda za ka ba, da iyakar kuɗin kowa a gaban sunansa, kafin ka ga kayan. A dangi mai yawa ana iya yin shawara manya su daina yi wa juna, a mai da hankali kan yara da tsofaffi, ko kowa ya zaɓi mutum ɗaya. Wanda ya fara kawo wannan shawara yakan ji nauyi, amma sau da yawa sauran ajiyar zuciya suke yi.

Game da bashi ra'ayina a fili yake: kada a ci shi don biki. An ce bashi hanji ne yana cikin kowa, to amma wanda aka ci don magani daban yake da wanda aka ci don a burge maƙwabta.

Mataki na huɗu: cika kalanda daga ƙarshe zuwa farko

Ɗauki kalanda, yi wa ranar bikin da'ira, sannan ka riƙa ja da baya. Duk aikin da ke jerin "dole" sai ya samu rana da sa'a. Wanda bai samu gurbi ba alama ce jerin ya fi ƙarfin lokacin, sai a koma mataki na biyu.

Wajen ƙiyasta lokaci kada ka yarda da kanka. Masana halayyar ɗan'adam Daniel Kahneman da Amos Tversky sun bayyana tun 1979 cewa ɗan'adam yakan raina tsawon lokacin da aikinsa zai ci, ko da ya sha yin irinsa. A 1994 Roger Buehler da abokan aikinsa a Kanada suka tambayi ɗalibai kwana nawa zai ɗauke su su gama kundin kammala karatu. Matsakaicin hasashensu kwana 33.9 ne. Da aka ce su ƙaddara komai ya lalace, sai suka ce 48.6. Abin da ya ɗauke su a zahiri kwana 55.5 ne, wato ko mummunan zatonsu bai kai gaskiya ba. Don haka duk abin da ka ce awa biyu zai ci, rubuta uku. Zuwa kasuwa a makon biki kuwa, ninka shi.

Abin da ya rataya a wuyan wani shi ake fara sallama, don shi ne ba ka da iko da saurinsa. A mako na shida da na biyar: neman izinin hutu a wurin aiki, yankar tikiti, duba ko fasfo da sauran takardu ba su ƙare ba, kai mota wurin bakanike, ba da ɗinki ko gyara, yin odar duk abin da sai an aiko. Ga mai sana'a kada ka faɗi ranar bikin a matsayin ranar karɓa. Ba shi wa'adin kwana goma kafin nan, domin kai kaɗai ne a lissafinka, shi kuwa mutum talatin ne a nasa.

A mako na huɗu da na uku a sayi kyaututtuka da duk kayan da ba sa lalacewa, a kuma tsayar da wa zai zo, wa za a je wa, ranar yaushe. Mai shan magani kullum, na hawan jini ko ciwon sukari ko wani, ya karɓi wanda zai kai shi bayan hutu, don asibitoci da kantunan magani kan rage aiki a ranakun. Mako na biyu na gyaran gida ne, ɗaki ɗaya a rana. Makon ƙarshe na kayan da ke saurin lalacewa ne da haɗa jaka. Kwana biyun ƙarshe kafin bikin kuma a bar su fayau, ba a rubuta komai. Za su cika da kansu.

Yadda ake rubuta aikin ma yana da tasiri. Masanin halayya Peter Gollwitzer, Bajamushe, ya yi gwaji da ɗalibai: aka ce su rubuta rahoton yadda suka yi jajibirin Kirsimeti cikin kwana biyu, sannan su aiko. Waɗanda aka sa suka faɗi takamaiman wuri da lokacin da za su zauna su rubuta, fiye da kashi biyu cikin uku sun rubuta a kan lokaci. Cikin waɗanda ba a sa su ba, kusan kashi ɗaya cikin uku ne kawai. Saboda haka maimakon "zan sayi kyaututtuka a makon nan", rubuta "Laraba in na tashi aiki zan wuce kasuwa da jerin sunaye, awa biyu". Sa wa aikin iyaka kuma, domin kamar yadda C. Northcote Parkinson ya rubuta a 1955, aiki yakan kumbura ya cinye duk lokacin da aka ba shi.

Mataki na biyar: hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka

A gidaje da yawa mutum ɗaya ne ke riƙe da bikin duka a kansa, kuma galibi uwargida ce. Masaniyar zamantakewa Allison Daminger ta yi hira da ma'aurata 35 a Amurka, ta wallafa a 2019 cewa aikin tunani na gida hawa huɗu ne: hango buƙata, nemo mafita, yanke shawara, da bibiya. Ta tarar mata ne suka fi ɗaukar hangowa da bibiya, wato ɓangarorin da ba a gani balle a yaba. Shi ya sa maigidan da ya ce "ki faɗa mini abin da zan yi kawai" yake mamakin ganin ba a gode masa ba. Ya karɓi aikin hannu ya bar mata na kai.

In za a raba aiki a raba shi ɗungurungum, daga tunaninsa har kammalawarsa. Ga yadda za a iya faɗa: "Yaya, don Allah ɗauko Baba daga tasha yana hannunka gaba ɗaya. Kai za ka kira shi ka ji lokacin isowarsa, kai za ka shirya mota. Ni na cire shi daga raina." A rubuta sunan kowa a gaban aikinsa, a manna takardar inda kowa zai gani, ko a tura ta zauren WhatsApp na iyali. Yaro ɗan shekara bakwai zai iya jera takalma da kwashe kofuna, matashi zai iya riƙe jerin sayayya.

Sharaɗin da ke da wuya yana kan mai bayarwa. In kin ba da aiki, ki haƙura da yadda aka yi shi. Wanda aka bi bayansa aka sake gyara abin da ya yi ba zai ƙara karɓa ba, kuma da gaskiyarsa.

Mataki na shida: gayyata, ziyara da dangi masu wuyar sha'ani

Zumunci a ƙafa yake, amma ƙafar biyu ce kawai. Tsayar da adadin wuraren da za ka iya zuwa a rana ba tare da ka zama mai leƙe ba, ka haɗa waɗanda ke kusa da juna a fita ɗaya. Sauran a ba su haƙuri da wuri, tare da wata rana: "Kawu, na ji daɗin gayyatar nan ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Ranar ba za ta yiwu mana ba, amma in kana gida Asabar ta sama za mu zo mu gaishe ka a natse." Haƙurin da aka bayar mako uku kafin lokaci girmamawa ne. Wanda aka bayar da safiyar ranar, bayan an dafa da kai, shi ke ɓata rai. Guje wa "zan duba in gani" in ka san ba za ka je ba, don ka ƙara wa kanka wata shawarar da ba a yanke ba ne.

Akwai wata dabara da masanin yanke shawara Gary Klein ya yaɗa a 2007 don kamfanoni, wadda ta dace da gida. Ka ƙaddara bikin ya wuce kuma ya lalace, sai ka tambayi kanka, me ya lalata shi? Amsa za ta zo da sauri, don ka san gidanku. Wataƙila gardamar siyasa ce tsakanin mutum biyun nan da ba a haɗa su inuwa ɗaya, ko tambayar "yaushe za a yi aure" da "har yanzu shiru?" da ake yi wa wani a gaban jama'a. Tanadi amsarka tun yanzu, gajeriya mai ladabi: "Goggo, a dai ci gaba da sa mu a addu'a", sannan ka juya zancen kan jikokinta. Ku yi yarjejeniya da abokin zamanka kan lokacin tashi da alamar da za ku yi wa juna. Biki ba wurin warware rikicin shekara goma ba ne. In akwai maganar da ta zama dole, a sa mata wata rana.

Wanda ya yi rashi a shekarar, ko yake nesa da nasa, lokacin nan yakan fi yi masa nauyi. In kai ne, tsara tun da wuri wanda za ka yini tare da shi ko za ka kira, kada ka bari ranar ta same ka kai kaɗai ba shiri. In wani ka sani, sa sunansa a jerin "dole".

Mataki na bakwai: hanya da kicin

Mai tuƙi ya yi barci sosai a daren tafiya. Wani bincike a Ostareliya a 1997 ya nuna wanda ya yi awa 17 bai runtsa ba, kuzarin hankalinsa kan ragu kamar na wanda barasa ta kai kashi 0.05 cikin ɗari a jininsa, iyakar da ƙasashe da yawa suka sa wa direbobi. A haɗa jaka kwana biyu kafin tafiya, a sa magani da takardu da caja a ƙaramar jakar hannu. In ana iya kauce wa ranar da kowa ke kan hanya, ko da da kwana ɗaya ne, a kauce.

A kicin, kala biyu ko uku da hannu ya saba da su sun fi kala bakwai da ake gwadawa karon farko. Duk abin da za a iya yankawa, a jiƙa, ko a dafa a sa a firji tun jajibiri, a yi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada dafaffen abinci ya wuce awa 2 a ajiye a zafin ɗaki; ko dai a riƙe shi da zafi sama da digiri 60, ko a sanyaya shi ƙasa da digiri 5. Gudawa a gida mai cike da baƙi ba ƙaramin tashin hankali ba ne.

Mataki na takwas: kai ma kana cikin jerin

Barci ne abin da ake fara sadaukarwa, alhali shi ke riƙe da haƙuri. Babban mutum yana buƙatar aƙalla awa 7. Sa wa kanka lokacin rufe aiki da dare, abin da bai ƙare ba ya kwana. Kofi da shayi mai ƙarfi a bar su daga la'asar, don sinadarin da ke hana barci a cikinsu yakan ɗauki kusan awa 5 kafin rabinsa ya bar jiki. In tunani ya hana ka runtsawa, ga abin da Michael Scullin ya gwada a jami'ar Baylor a 2018 da mutum 57: waɗanda suka ɗauki minti biyar suna rubuta ayyukan da ke jiransu sun riga waɗanda suka rubuta ayyukan da suka gama yin barci da kusan minti 9. Ajiye littafin nan kusa da gado.

Hukumar Lafiya ta Duniya tana ba manya shawarar motsa jiki na aƙalla minti 150 a mako. Tattakin minti ashirin da 'yan kai a kullum ya biya, kuma shi ne hanya mafi sauƙi ta fita daga hayaniyar gida ba tare da kowa ya ji haushi ba. Rage leƙa Facebook da Instagram a kwanakin. Hoton da kake gani an zaɓo shi ne daga cikin ashirin, ba a kuma ɗauki tulin kwanukan da ke bayan mai ɗaukar ba.

In kuwa ƙunci, ko rashin barci, ko rashin sha'awar komai ya wuce mako biyu bai ɗaga ba, wannan ya wuce gajiyar biki, a ga likita. Ciwon ƙirji ko sarƙewar numfashi ba a jira da su sai an gama hutu.

In mako ɗaya kawai ya rage

Yi mataki na farko da na biyu a zama ɗaya yau da dare, ka tsananta yanka: abu bakwai kacal. Fitar da adadin kuɗi, kira mutum biyu ka ba su aiki, aika saƙon ban haƙuri ga wuraren da ba za ka je ba. Kyautar da ba ta samu ba ana iya kai ta bayan biki.

Ranar kanta, da kashegarinta

Da safe rubuta abin da ya rage a 'yar takarda guda da za ta shiga aljihu, ka rufe babban littafin. Wani abu zai karkace, wani zai makara, wani abu zai ƙone. In hakan ta faru tambaya ɗaya ce: akwai abin da za a iya yi cikin minti goma? In akwai a yi, in babu a wuce. Ci abinci a zaune tare da mutane, ka bar wanke-wanke ya jira.

Bar kwana ɗaya tsakanin dawowa daga tafiya da komawa aiki, na wanki da barci. A wannan ranar, tun abin yana sabo a ka, buɗe shafin ƙarshe na littafin ka rubuta nawa aka kashe a zahiri a kowace ambulan, wane abinci ya yi saura, me ya ƙare da wuri, wane aiki ya ci lokaci fiye da zato, me aka soke ba wanda ya tambaya. Ƙara da ranar da ya kamata a ce an yanki tikiti. Sannan ka sa tunatarwa a waya, mako shida kafin bikin baɗi, ka rubuta a cikinta inda ka ajiye littafin.